Darasi na 14: Kalmomin Ladabi a Harshen Sifaniyanci

Kafin mu furta kalmar Sifaniyanci ko ɗaya, kowa ya tuna gaisuwar da aka yi a ƙofar gidansu yau da safe. A Jabo, yaron da ya samu tarbiyya ba ya dosar zauren da dattijo ke zaune da takalmi a ƙafa. Tun daga nesa zai tuɓe, ya rage tsawo, ya sadda kai, sannan ya ce, "Baba, an tashi lahiya?" Ku lura da abin da ya faɗa. Mutum ɗaya ne a gabansa, amma bai ce "ka tashi" ba, domin "ka" ta yi kaifi da yawa a kunnen babba. In kuwa a fada ne, sai ka ji ana cewa, "Ranka shi daɗe, sarki ya kwana lahiya?" kamar ana tambayar labarin wani da ba ya wurin, alhali ga shi zaune ana kallonsa. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Wani zai ce, mu da ke noman gero da albasa tsakanin Tambuwal da Kebbe, ina ruwanmu da harshen Sifaniya? Samarinmu da ke cika gidan kallon ƙwallo ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona sun riga sun ba da rabin amsa. Ɗan Kaduna, Umar Sadiq, ya koma ƙungiyar Almería a 2020, ya wuce Real Sociedad a 2022, kuma a ƙasar da ake wannan harshe ya nemi abincinsa. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, mafi yawansu a nahiyar Amurka, kuma waɗanda suka tashi da shi a baki sun kai kimanin miliyan 500. Akwai ɗaya ma kusa da mu: Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu mulkin kai daga Sifaniya a 1968. Tsibirinta na Bioko, wanda a da ake kira Fanando Po, shi ne "Panya" ɗin da dubban 'yan Nijeriya suka riƙa zuwa ƙwadago a gonakin koko, kuma sunan Panya ɗin daga España aka gutsuro shi. Akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe da zama a ƙasar.

Tsohuwar alaƙar kuwa tana cikin zaurukan malamanmu. Ƙasar da ake kira Sifaniya yau, babban ɓangarenta shi ne Andalus, inda Musulmi suka shiga a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe kuma ya faɗi a Garnaɗa a 1492. Ibn Malik mai Alfiyya a garin Jayyan aka haife shi, wanda yanzu ake rubutawa Jaén. Mai tafsirin Ƙurɗubi sunan garinsu yake ɗauke da shi, Córdoba. Alƙali Iyal mai Ashafa ɗan Sabta ne, wato Ceuta, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Wannan dogon zama ya bar kalmomin Larabci kimanin 4000 a cikin Sifaniyanci, bisa ƙiyasin masana harshen, kuma za ku ci karo da wasunsu a wannan darasi kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a tashar wata ƙasa.

Yadda ake furtawa

Nan Bahaushe ya yi sa'a. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke furta su haka suke. Harafin r ana kaɗa shi da harshe, abin da ke wahalar da Turawan Ingila, mu kuwa tun muna goye muka iya. Abubuwan kiyayewa kaɗan ne. Harafin h ba a furta shi sam, don haka hola "ola" ce. Harafin j kamar خ na Larabci yake. Harafin v da b ɗaya suke a baki. Idan l ta zo biyu, ll, a furta ta kamar y. Harafin ñ kamar "ny" ne. Harafin z, da c in ta zo kafin e ko i, mafi yawan mutanen Sifaniya suna furta su kamar ث, mutanen Meziko da sauran ƙasashen Amurka kuma kamar s. Ku ɗauki s, kowa zai gane ku. Ɗan karan da ke kan wasali, kamar a cortés, yana nuna inda ake danna murya. Alamar tambaya kuma biyu suke sawa, ɗaya a kife a farko, ɗaya a ƙarshe.

Tú da usted

Mu koma zauren Baba. Sifaniyanci yana da hanya biyu ta ce wa mutum "kai" ko "ke". Ta farko tú, ta aboki ce, da yaro, da ɗan'uwa. Ta biyu usted, ta babba ce, da baƙo, da likita, da jami'in da ke duba takardunka.

¿Cómo estás? Yaya kake? Wannan ta tú ce.
¿Cómo está usted? An wuni lafiya? Wannan ta girmamawa ce.

Bambancin harafi ɗaya ne a kan aikatau, s ɗin ƙarshe. Amma abin da ya kamata ku gane shi ne, está ɗin da ke tafiya da usted ita ce dai kalmar da ake amfani da ita in ana zancen wani can, "shi" ko "ita". Wato Basifaniye ma, in zai girmama mutum, yakan yi masa magana kamar ba ya wurin, daidai da "sarki ya kwana lahiya?" Dalilin yana cikin tarihin kalmar. A da cewa ake yi vuestra merced, ma'ana "alfarmarku", irin yadda muke cewa Mai Alfarma in ana nufin Sarkin Musulmi. Baki ya yi ta cinye ta har ta zama usted a ƙarni na 17. Za ku ji masu cewa daga "ustazu" ta fito. Kamar ta yi yawa, kuma zancen yana da daɗin ji, sai dai masu bin asalin kalmomi sun bi sawunta a tsofaffin rubuce-rubuce, kuma wurin vuestra merced sawun ya kai su.

A Sifaniya ta yau tú ta yi yawa, har ɗalibi kan faɗa wa malaminsa ita ba a ga laifinsa ba. A Kolombiya kuwa akwai yankunan da ko 'yan gida ɗaya usted suke ce wa juna. Shawarata ga baƙo: fara da usted. In mutumin ba ya so, da kansa zai ce maka puedes tutearme, wato "kana iya ce mini tú". Wanda ya wuce gona da iri wajen girmamawa, iyakacinta a yi masa murmushi.

Sunayen girma da ke rakiyar usted su ne señor ga namiji, señora ga mace, señorita ga budurwa, ko da yake wannan ta ƙarshe ta fara ja da baya. Señor da sunan dangi yake tafiya. Don da doña kuma da sunan yanka suke tafiya, kamar yadda muke ɗora Malam ko Hajiya a gaban suna.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci

In da za a ce ku manta komai ku riƙe kalma ɗaya daga yau, educado zan zaɓar muku. Wanda ya ɗan taɓa boko zai yi tsammanin tana nufin mai ilimin makaranta. A bakin masu harshen kuwa, in aka ce es muy educado, ana nufin mutum ne mai tarbiyya ƙwarai, wanda ya iya gaisuwa, ya san gaban babba, bakinsa ba ya zubar da ƙazanta. Wanda ya yi karatu mai zurfi, cewa ake yi tiene estudios, yana da karatu, ko a ce culto ne. Kalmomin biyu ba sa cin tuwon juna. Ana iya samun mai digiri uku a kira shi maleducado, marar tarbiyya, saboda ya shigo bai yi sallama ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba kuma a ce da ita muy educada.

Na tsaya a nan ne don na san abin da ke zuciyar wasunku. Da yawa daga masu zuwa ajin manya sukan shigo da kansu a ƙasa, suna ganin an bar su a baya. Na taɓa koyar da wani dattijo mai sayar da hatsi wanda kullum in zai amsa tambaya sai ya fara da "mu da ba mu yi boko ba". Ranar da muka zo kan wannan kalma ya sa na maimaita masa bayanin sau biyu, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ke nan can ma an san bambancin." An sani. Educación a wurinsu gida take farawa, shi ya sa in yaro ya yi rashin kunya sukan kira shi malcriado, daga mal, mummuna, da criado, renanne. Laifin kan masu renon ya koma, kamar yadda mu ma in yaro ya zagi babba muke tambaya, "Ɗan gidan wa ne?"

Kun ga educado ta zama educada da aka zo kan mace. Haka yawancin siffofinsu suke, o ga namiji, a ga mace. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda sunayen mata a Hausa galibi da a suke ƙarewa.

Akwai kuma cortés, mai ladabi, da kishiyarta descortés, da sunan halin, cortesía. Tushensu corte, wato fada. Ladabin da ake nufi shi ne irin wanda ake koya a gaban sarki: sanin inda za ka zauna, da lokacin da za ka yi magana. Caballero kuma, wadda ake faɗa wa namiji mai dattako, asalinta mahayin doki, daga caballo, doki. Duk wanda ya ga hawan salla a ƙasar Sakkwato ba sai an yi masa bayanin yadda doki ya zama alamar girma ba. Sai dai fada tana da ɗaya fuskar, su ma sun san ta. Mutumin da gaisuwarsa ta yi yawa, mai zaƙin baki don neman wani abu, zalamero suke ce masa. Daga "salam" ta Larabci kalmar ta fito, mai yawan sallama ke nan. Mu fadanci muke kiran abin.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Amable mai kirki ne, mai sakin fuska, kuma ba ta canzawa tsakanin namiji da mace. Atento shi ne mai kula da baƙo, wanda tun ba ka roƙa ba ya miƙo maka ruwa. Respetuoso mai girmama mutane, daga respeto. Humilde mai tawali'u. Paciencia haƙuri. Buenos modales kyawawan ɗabi'u na zama da cin abinci da magana. Grosero mai gatsali, mai ɗanyen baki. A kan irin waɗannan ɗabi'u wani mutumin Benezuwela, Manuel Antonio Carreño, ya wallafa littafi a 1853, aka daɗe ana karantar da shi a makarantun ƙasashen Amurka masu wannan harshe, har sunansa ya zama abin ambato in ana zancen ladabi.

Sai vergüenza, a furta "berguwensa", wato kunya. Me da vergüenza, ina jin kunya. Sinvergüenza kuwa marar kunya ne, kuma zagi ne mai nauyi, kada ku yi wasa da ita a bakin kasuwa. Amma a nan harsunan biyu suka rabu. Kunyar da ke hana matar aure kiran sunan mijinta, ko uwa ta kira sunan ɗanta na fari, ko suruki ya ci abinci gaban surukinsa, babu ita a cikin vergüenza. Basifaniye in ya ga haka zai ɗauka mutumin tímido ne, mai noƙewa, ba zai kawo a ransa cewa girmamawa ake yi ba.

Abin da za ka faɗa

Gaisuwarsu gajera ce. Buenos días da safe, kuma safiyar Sifaniya takan kai har wajen ƙarfe biyu na rana, lokacin abincinsu. Daga nan buenas tardes har duhu ya shiga, sai buenas noches, wadda gaisuwa ce kuma sallama ce. Ba a bin gida da iyali da gajiya da sanyi ɗaya bayan ɗaya. In ka tambayi wanda ba ka sani ba lafiyar matarsa da 'ya'yansa da aikinsa a jere, zai fara tunanin me kake nema. In an tambaye ka, amsa ita ce bien, gracias, ¿y usted? Lafiya, na gode, ku fa? Kana iya ƙarawa da gracias a Dios, godiya ga Allah, ba wanda zai ga baƙon abu. Wanda aka gabatar maka da shi karon farko, ka ce masa mucho gusto.

Por favor ita ce "don Allah", gracias "na gode", amsarta de nada, "ba komai". Ban haƙuri kala uku ne, kuma ɗalibai sukan cakuɗa su. In ka taka ƙafar mutum a mota, perdón. In za ka tsayar da wani ka yi tambaya, disculpe. In abin ya taɓa zuciya, kamar ka ji labarin rashin lafiya ko ka yi laifin gaske, lo siento. Wanda zai ratsa tsakanin mutane ko zai shiga ɗaki cewa yake con permiso, daidai da "gafara dai". Ta'aziyya kuma pésame ce: mi más sentido pésame. In ka tarar ana cin abinci, kai mai wucewa ne za ka ce buen provecho, a ci lafiya. Ba lallai a ce maka "bisimilla" ba, kada ka ɗauke ta rowa.

Wajen rabuwa ne za ku gamu da 'yan garinku. Hasta luego, sai an jima. Hasta mañana, sai gobe. Wannan hasta ɗin "hatta" ce ta Larabci, wadda mu ma muka ara. Adiós asalinta a Dios, na bar ka ga Allah. Si Dios quiere, in Allah ya so. Ojalá kuma, da ake faɗa in ana fatan abu, daga Larabcin Andalus take, ma'anarta ta asali "da Allah zai so". Shugaban gari alcalde ne, ɗan'uwan "alƙali" namu, uwarsu ɗaya. In kuma Bafulatani ya ji ana cewa fulano, kada ya waiwaya: "fulan" ce ta Larabci, wato wane.

Inda jiki ke magana

Yaron nan da ya sadda kai gaban Baba, in ya yi haka gaban jami'i a Madrid, za a iya zargin yana ɓoye wani abu. A can duban idon mai yi maka magana alamar gaskiya ce. Durƙuso da tuɓe takalmi ba a san su a gaisuwa ba. Abin da zai fi ba ku wahala shi ne, a Sifaniya mace da mace, ko mace da namiji, sukan gaisa da haɗa kumatu sau biyu. Musulmin da ba zai yi haka ba yana da mafita mai kyau: ya ɗora hannun dama a ƙirji, ya saki fuska, ya ce disculpe, es mi costumbre, a gafarce ni, al'adata ce. Haka a wurin abinci, no como cerdo, gracias, ba na cin alade, na gode; no bebo alcohol, ba na shan giya. Gracias ɗin ƙarshen nan ita ke raba mai addini da grosero a kunnensu, kada a bar ta.

Karatu

Wani baƙo ya tare dattijo a bakin titi a Malabo, a Ikwatoriyal Gini, yana neman masallaci. Mutum biyu su tashi su karanta.

Baƙo: Buenas tardes, señor. Disculpe.
Dattijo: Buenas tardes.
Baƙo: ¿Dónde está la mezquita, por favor?
Dattijo: Allí, a la derecha.
Baƙo: Muchas gracias. Es usted muy amable.
Dattijo: De nada. Adiós.

¿Dónde está? na nufin "ina yake?", mezquita masallaci, allí can, a la derecha a hannun dama. Ku ƙirga kalmomin ladabi nawa baƙon ya yi amfani da su kafin ya samu amsar tambaya ɗaya tak.

Aiki

1. Wa za ka ce wa tú, wa za ka ce wa usted: ƙanenka, limamin unguwa, abokin da kuke kallon ƙwallo tare, likitar da ta duba matarka, direban da ya ɗauko ka daga Tambuwal zuwa Sakkwato wanda ba ka taɓa gani ba?

2. Mayar da waɗannan zuwa na mace: educado, atento, respetuoso, grosero. Me ya sa amable ba ta cikinsu?

3. Kana cikin motar haya, kana son fita, mutum biyu sun tare ƙofa. Da ka yunƙura sai ka taka ƙafar ɗaya. Faɗi kalmomi biyun da za ka yi amfani da su, bi da bi.

4. Ka tuna mutum ɗaya a garinku wanda bai yi boko ba amma kowa ya shaida tarbiyyarsa. Ba tare da ka ambaci sunansa ba, rubuta jimla biyu a kansa da Sifaniyanci, kowace ta fara da Es muy. A zo da su mako mai zuwa, za a karanta a gaban aji.